Kwanukan da Suka Ƙi Fita Majalisa

Shekarar da aka sallami mazan unguwarmu daga masaƙa ita ce shekarar da na aurar da 'yar autata, damina biyu bayan rasuwar maigidana. Lokacin ɗaki bakwai na zuba 'yan haya a gidana na Unguwar Shanu.

A ɗakin ƙurya akwai wata mai 'ya'ya uku, mijinta na cikin waɗanda aka sallama. Ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi injin taliya. Ta murza, ta shanya a igiya, ta sayar, da shi suke ci.

To, a layinmu, bayan azahar kowane magidanci kan fito da kwanonsa majalisa, maza su haɗu su ci. Da an buɗe na mijin nan sai wani mai gyaran rediyo da ke cikinsu ya ce, "A'a, yau ma inji ne ya yi cefane? Allah ya ƙara wa inji lafiya!" A kwashe da dariya. Mijin ma ya yi dariyar, sannan ya shigo ya huce a jikinta.

Sau uku ina ce mata, "Yi haƙuri, 'yata." Laifina ne wannan, ban ɓoye ba. A na huɗu ya murɗe mata hannun dama, hannun da ke juya injin. In hannun nan ya nakasa, me yara za su ci?

Na tara matan gidan na ce, "Daga yau ba kwanon da zai ƙetare zauren nan." Ko ɗaya ba ta musa mini ba.

Kwana uku sai ga mai rediyo ya yi sallama. "Inna, tukwanenku ne suka yi yaji?"

Na ce, "Lafiyarsu ƙalau. Kai sarkin zolaya, man miyar gidanka wa ke saye, kai ko matarka mai ƙosai? Kuna wasa da baki a waje, wata na shan duka a ciki."

Ya yi ta susar ƙeya.

Mijin kuwa na kira shi zaure. "Ɗana, ba ita ta rufe masaƙa ba. Ka sake taɓa ta, kai za ka fita, ita da injinta su zauna. Ɗakin nawa ne."

Kwanuka suka koma majalisa, ba a sake ambaton inji ba. Hannun ya warke, ko da yake yana mata tsami in an yi sanyi. Mijin dai har ya bar duniya gaisuwarsa gare ni a daƙile take. Ban damu ba.

Mai rediyo ma ya rasu. Saura ni, da mai ƙosai da ta koma Hayin Banki, da mai taliya, wadda yanzu jikokinta ke murza mata.