Shekara Tara Ba Mudashiru, Takardar Kotunsa Ba Ta Fito Ba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar aminina Alhaji Mudashiru, Bayerabe haifaffen Fagge, maƙwabcin rumfata a Kantin Kwari. Na so in yi waiwayen bana cikin raha, in tuna yadda yake gyara mini Hausa, ni Bahaushe ɗan Bahaushe. Sai dai raina a dagule yake saboda 'yarsa Rashida.

Kafin rasuwarsa, wani ya kawo masa dilar atamfa ya saya, ashe ta sata ce. 'Yan sanda suka zo da rana tsaka, suka tasa ƙeyarsa da ankwa, aka bi da shi ta shataletalen Bata kasuwa tana ci. Duk wanda ya fito ranar ya gani. Ranar da alƙali ya wanke shi kuwa, daga ni sai shi a bencin kotun.

Ya nemi kwafin hukuncin, aka shiga yi masa jeka-ka-dawo. Yau magatakarda ba ya nan, gobe an kai fayil ɗakin ajiya. Na gaji na ce ya haƙura, ai Allah ya sani. Ya ce, "Malam Sani, Allah ya sani, amma 'yan Kwari ba su sani ba." Har ya koma ga Mahaliccinsa bai riƙe takardar nan a hannunsa ba.

Bana wani yaro ɗan mutunci ya fito neman auren Rashida. Kamar yadda aka saba, danginsa suka shiga binciken gidan su yarinya. A kasuwa aka ce musu ai uban an taɓa kama shi da kayan sata. Baffan yaron ya buga sunan a waya, labarin kamun ya fito har da hoto. Labarin wanke shi kuwa babu ko layi ɗaya.

Baffan ya same ni cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ba ƙaryata ka muke yi ba, amma kai amininsa ne. A nuna mana a rubuce." Da ɗana ne ni ma haka zan yi. An dakatar da sa rana. Rashida ta daina fitowa shagon mahaifiyarta a Sabon Gari, ta gaji da kallon da ake binta da shi.

Ina jin ana ta batun a zuba hukunce-hukuncen kotu a intanet, kowa ya karanta kyauta, wasu kuma suna tsoron tonon asiri. Da Mudashiru yana raye, na san dariyar takaici zai yi. Wane asiri, bayan wanda aka tona a tsakiyar Bata? Shi abin da ya roƙa kawai a bar mutane su karanta labarinsa har ƙarshe. Makon jiya na koma kotun. An yi sabon fenti, an jera kwamfutoci, amma an ce ba a kai ga tsofaffin shari'o'i ba tukuna.

Rumfarsa ta daɗe da komawa hannun wani. Abin da ya rage na Mudashiru sunansa ne da yarinyar nan, kuma duka biyun suna jiran takarda ɗaya. Dangin yaron sun ce za su saurara zuwa bayan Sallah. Alƙalin ya rasu, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji hukuncin da kunnensu, kuma maganata ba ta wadatar ba.

Allah ya ji ƙanka, Mudashiru. Ka yi gaskiya, 'yan Kwari ba su sani ba. Gobe da safe zan koma ƙofar magatakarda, in tsaya inda ka bari.