Gishirin Tukunyar Kawu Barmu

Duk wanda ya taɓa ratsa layin mahauta a kasuwar Dogon Dutsi da hantsi ya san Kawu Barmu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da yake tsayawa gaban tebur, ya ɗaga ƙaurin shanu sama, ya rufe ido ɗaya ya leƙa cikin ƙashin kamar mai duba ruwa a rijiya. Ɓargo yake nema. In bai ga abin da ya gamshe shi ba, sai ya ajiye ya ce wa mahaucin, "Wanga sa yunwa ta kashe shi, kai ko ka biyo baya da wuƙa." Sannan ya wuce tebur na gaba hankali kwance, ana surfa masa zagi ta baya. Shekara ashirin suna zaginsa, kuma su ne dai suke ɓoye masa ƙauri mai kyau a ƙarƙashin tebur.

Ni ce Hadiza, ɗiyar ƙanwarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina goye Inna yake kirana. Kuma bari in faɗa tun yanzu, da fushi nake wannan rubutun. Tun ranar sadakar arba'in maganar take yawo daga nan har Tibiri, wai ni na zuba gishiri a tukunyarsa ta ƙarshe alhali likita ya hana, wai shi ya ƙarasa shi. Eh, na zuba! Da hannuna na dama na zuba. Amma kafin ku yanke mini hukunci, ku zauna in tuna muku abin da bawan Allah nan ya sha a hannunku.

Kun sani, shekara goma sha biyu ya yi yana kuku a sansanin masu aikin hanya can wajen Tamanrasat, a ƙasar Aljeriya. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da barguna, wani har da mota. Shi kuwa ya sauka a tasha da tukunya ɗaya mai kunnuwa biyu, da ludayin ƙarfe, da buhun sha'ir, wata ƙwaya mai kama da alkama amma ta fi ta tsawo da taurin kai. Da ita yake dafa shurba, wato romon naman shanu mai kauri. Zai jiƙa sha'irin tun jiya. Zai sa nama da ƙashi cikin ruwan sanyi a kan garwashi, ya tsaya yana kwashe kumfa har ruwan ya yi garau. Sai albasa, tumatir, karas, masoro, ɗan kirfa. Sai sha'ir in nama ya fara laushi. Gishiri kuwa can ƙarshe, kuma gishirin Foga, ba na leda ba. Tun azahar har bayan la'asar yana tsugune yana gadin tukunya, namiji da gemu, a gidan da akwai mata uku masu hannu lafiya. Unguwa ta yi dariya har ta gaji. Shi ko a jikinsa. Burinsa ɗaya ne, kuma ya faɗe shi ya fi sau dubu: wani a gidan nan ya koyi shurbar kafin ya mutu.

Ɗalibarsa ta farko matarsa ce, Inna Tani. Wata rana ya kammala komai, tukunya tana ɗan motsi, aka zo aka ce ana jana'iza a bayan makaranta. Ya ce mata, "Tani, ki dibi wutar ga kawai. Kar ki taɓa komi." Ya tafi. Inna Tani ta buɗe murfi, ta shinshina, ta ji tausayin mijinta ya kama ta. Miya babu daddawa? Ta jefa dunƙule biyu. Ta ga ruwa tsululu, ba yadda za a yi tuwo ya kama shi, ta kaɗa kuka. Tana cikin tuƙa tuwon da za a ci da ita ya dawo. Tun daga zaure ya tsaya, hancinsa ya gaya masa komai.

"Tani! Mi kinka yi?"

"Gyara maka niy yi. Ka manta daddawa."

"Na manta? Ni?"

"To wa ka cin miya ba yauƙi, Malam? Ai ko marayu ba a yi musu haka."

Ya leƙa tukunyar, ta zama kore shar. Ya mayar da murfin a hankali, ya gyara hularsa ya ce, "Yanzu nit taho daga jana'iza guda, ashe wata na jirana gida." Kwana uku bai ci abincinta ba. Ita kuma ta rantse ba za ta ƙara sa ruwan Larabawan nan a bakinta ba, kuma ta riƙe rantsuwarta.

Da buhun farko ya kusa ƙarewa, sai ya ce ai ƙasa ƙasa ce, shi ma zai noma. Ya ware wani lungu a gonarsa ta hanyar Tibiri, ya shuka sha'ir ranar da kowa ya shuka hatsi. Ya fito kuwa, tsawon yatsa, sannan ya fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya kafa masa rumfar zana don kada rana ta dame shi, shi kuma ya zauna a gefe cikin ranar yana gadi. Wallahi da idona na gani! Tsoho Nomau, maƙwabcin gonarsa, mutumin wajen Lugu, ya zo ya duba ya girgiza kai.

"Barmu, doguwa, aljanar gonar ga, ba ta san baƙon ga ba. Ka ba ta jan zakara, ka gabatar mata da shi."

Salisu, babban ɗan Kawu, mai shago a bakin titi, wanda ya fara tsayar da gemu a shekarar, yana wurin, ya yi tsalle ya ce, "A'uzubillahi! Baba, wagga shirka ta ƙarara!"

Suka kaure da gardama a kan kunya, wannan yana kiran iskoki, wannan yana jawo aya. Kawu ya bar su sai da muryarsu ta dushe, sannan ya ce, "Kun gama? To ba doguwa ba ta, ba kuma zunubi ba na. Zahi na. Ku matsa, kun tsaya mai bisa kai." Da kaka abin da ya girba bai cika tafin hannu ba. Na tambaye shi ko an samu, ya ce, "An samu, Inna. Na gane ƙasar ga halin mutanenta gare ta."

Daga nan sai wani tsohon abokinsa direban babbar mota ya riƙa kawo masa tiya biyu ko uku duk shekara daga arewa. Kawu yana zuba shi a bido, wato jarka, ya toshe baki da tsumma, ya tura ƙarƙashin gado. Salisu ma ya taɓa zama ɗalibi, na rabin yini. Ya kawo murhun gas ya ce a daina ɓata lokaci, minti talatin an gama, in sha'ir ya ƙi nuna a sa taliya. Kawu ya ɗauki murhun ya kai masa har ƙofar shago ya ajiye.

To direban nan ya tsufa ya bar hanya, sha'ir ya yanke. Bido ɗaya ya rage, Kawu yana tattalinsa kamar idonsa. A lokacin ne hawan jini ya kayar da shi aka kwantar da shi asibiti mako biyu. Rabi matar Salisu, mai son tsabta, ta ce bari ta share ɗakin surukinta kafin ya dawo. Ta jawo bido, ta zuba a hannu, ta ga wata ƙwaya da ba hatsi ba, ba dawa ba, ba shinkafa ba. Ta yanke hukunci tsohon iri ne da ya lalace. Ta watsa wa kaji! Kwana biyar kajin gidan nan suna cin abin da aka ɗauko daga bayan hamada. Sai da Inna Tani ta gani ta ƙwace bidon, saura abin da bai fi gwangwani biyu ba.

Ranar da aka dawo da shi, kowa ya ɓuya a ɗaki. Ni aka tura in gaya masa, don an san ba ya iya yi wa uwarsa tsawa. Ya saurare ni har na gama. Ya dogara sandarsa ya fita tsakar gida, ya tsaya yana kallon kajin, sun yi ɓul-ɓul suna sheƙi.

"Sun cinye duka? Ba su bar ko ƙwaya a ƙasa ba?"

"Ko ɗaya, Kawu."

"Ba su ce a sa musu daddawa ba?"

"A'a."

"Allahu akbar. Shekara ashirin ina biɗar masu hankali cikin gidan ga, ashe suna cikin akurki."

Kun yi dariya da aka ba ku labari, na sani. Ni da nake wurin ban yi ba. Kuma kada in wanke kaina, ni ma ina cikin masu laifi. Sau nawa ya ce, "Inna, zo ki gani," ni malamar makaranta na ce ina da takardun yara da zan gyara, sai hutu? Hutu ya zo ya wuce ya fi sau goma.

Wata uku ya yi yana cin abinci lami bisa umarnin likita, ƙafafunsa a kumbure, riga tana yi masa yawa. Wata Asabar ya aiko a kira ni. Na same shi a kujera ƙarƙashin dogon yaro, tukunyar a wanke, sha'irin nan na ƙarshe a jiƙe, ƙauri a kwano. Ya ce, "Yau ba hutu, ba takarda. Zamna." Na zauna. Bai taɓa komai ba, da sanda yake nuni. Rage wuta. Kwashe kumfa, ba haka ba, daga gefe. Kar ki motsa da ƙarfi, ba tuwo ba ne. Na yi gumi, hayaƙi ya sa ni hawaye, ya kira ni mai hannun roba sau biyu. Bayan la'asar ƙamshi ya cika gidan, ƙwayoyin sun kumbura sun fashe, nama yana zamewa daga ƙashi da kansa.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙullin tsumma. Gishirin Foga ne, ɗan dunƙule, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake ɓoye da shi. Daidai nan Salisu ya shigo.

"Baba! Tansiyonka, hawan jinin ga! Likita ya ce ko ƙwaya guda. Hadiza, in kin sa, ke ad da alhaki."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma don yana son ubansa ya faɗa, ban taɓa musun wannan ba. Na tsaya da gishiri a hannu. Kawu bai ko kalli ɗansa ba, ni ya kalla.

"Inna, ban ce ki warkas da ni ba. Cewa niy yi ki koya. Wagga ita ta tukunya ta ƙarshe. In kin ɗanɗana ta lami yau, lami za ki dahwa ta hal ki mutu, ki ce haka Barmu ya koya miki. Ba don bakina za ki sa ba. Don naki na."

Na murmushe gishirin na zuba. Na motsa daga gefe, yadda ya ce.

Yanzu ku buɗe kunnuwanku, ku masu magana a gidan biki da gidan mutuwa. Cokali uku ya sha. Uku! Na farko ya riƙe shi a baki ya rufe ido. Na biyu ya ce a matsa lemun tsami. Na uku ya gyaɗa kai, ya turo mini kwanon ya ce, "Sha duka. Ki riƙe wanga a harshenki." Na sha yana kallona kamar malami a ranar jarrabawa. Bayan wannan ya yi mako bakwai a duniya, yana cin laminsa ba gardama, har ranar da Mai shi ya karɓi abinsa. In akwai wanda zai dube ni ya ce cokali ukun nan ne, to ya zo gidana ya faɗa a gabana, ya bar aiko mini da shi ta bakin mata.

Akwai kuma abin da ba a kai muku ba, don masu kai labari ba su ga ribar kai shi ba. Ina cikin sha, sai Inna Tani ta fito daga ɗaki. Ta ɗauki ludayin ƙarfen ta ɗiba daga tukunya, ta hura, ta kurɓa. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe haka take, Malam."

Kawu ya ce, "Haka take, Tani. Tun hwarko haka take."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa da ludayin a hannu, tana sha tana share ido da bakin zane. Salisu ya juya ya fita zaure, na ji shi yana fyace hanci. Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta yi haske kamar na wannan yammacin ba.

Allah ya jiƙan Kawu Barmu, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya yafe mana wauta da jinkirinmu. Ya Allah, bawanka ya shekara ashirin yana miƙo mana abin da ya fi so muna kau da kai. Kai kada ka kau da kai daga gare shi. Ka sanyaya makwancinsa, ka ciyar da shi daga abincin Aljanna. Amin.