Abin Da Na Ce Yumma Ta Faɗa

Ƙararrawar cocin nan ce ke hana ni sakat. Tun da yaƙi ya kore mu daga ƙauyenmu muka faɗo Gadarif, inda na samu na kafa teburin shayina jikin katangar wani coci ne, don nan kaɗai inuwa ke kaiwa azahar. Sauran ranaku lafiya lau. Amma ranar Lahadi da hantsi, da an kaɗa ƙarfen nan sai in zuba wa mai son shayi gahawa, in mance sukari. Masu saye suna cewa tsufa ne ya fara taɓa ni, ni kuwa ban taɓa musa musu ba. Mahaifiyata nake tunawa, matar da ta shekara goma sha bakwai a gidanmu ba ta ji ƙararrawa ko sau ɗaya ba.

Yumma muke ce mata. Ba Bahaushiya ba ce. Daga duwatsun da ke kudu da Damazin aka kwaso su a babbar mota, ita da 'yan garinsu, don tsinkar auduga, kamar yadda ake yi kowace shekara. Babana yana da hawasha, wato gonar da hukumar noman rani ke yanka wa mutum, a gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin. A hawasharsa ta yi tsinka. Da aka gama aiki motar ta koma babu ita. Liman ya ce aure ya halatta tunda Kirista ce, mai littafi. Mutanen gari suka ce a ba ta damina ɗaya, da kanta za ta musulunta. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, Yumma na nan yadda ta zo.

Wadda ta fi kowa ƙin auren ita ce kakata ta wajen uba, Habboba. Mace ce mai faɗa, kunnenta ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai ka ɗaga murya, don haka ko gaisuwa take yi sai maƙwabta su ɗauka rigima ce. An ce wata shida ba ta ci abincin Yumma ba. Abin da ya haɗa su, wata rana ta shiga ɗakin amarya neman rariya, ta tarar da littafin addininta a ƙasa, naɗe cikin tsumma kusa da kwanuka. Ta buɗe ta ga baƙaƙen Larabci. Nan ta fito tsakar gida tana kumfar baki, wai an bar sunan Allah a ƙasa. Ranar kasuwa ta sa baduku ya ɗinka gafaka ta jar fata, irin wadda ake sa Alƙur'ani, ta kafa ƙusa a bango da hannunta ta rataye.

"Ban san mi ke ciki ba," in ji ta, "amma a gidana rubutu ba shi kwana ƙasa."

Ni da wayona na tarar da su sun zama uwa da ɗiya. Babu coci a ƙauyenmu, babu a na kusa da mu. Ranar Lahadi da hantsi Yumma takan yi wanka, ta yafa farin tobinta, dogon mayafin nan na matanmu, ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakinta, ta zaro littafin tana bin layi da ɗan yatsa. Karatunta ba shi da sauri, aji uku kawai ta yi a garinsu. A wannan safiyar Habboba ce ke yin kisra, wainar dawa mai faɗi da muke ci da miya, tana yi tana mita, wai ta tsufa a bauta. In akuya ko yaro ya doshi darbejiyar, da muciya take korarsa. Ita kuma Yumma, duk gidan babu wanda ya kai ta tsananin sallarmu. In na yi nawar alwala, kunnena ne ke gaya mini. Ita ta kai ni makarantar allo, ita ke dama kunun buɗa-baki duk azumi, har ta fi matan gidan iyawa.

Ƙannena biyu maza ne, kuma duk ta binne su. Na farkon zazzaɓi ya ɗauke shi yana rarrafe. Na biyun yana shekara biyar ya bi yara wanka a tur'a, sai washegari aka same shi a bakin ƙofar ruwa. An kai su maƙabartar gabas da gari, kusa da juna, ƙarƙashin wata aduwa. Daga ranar Yumma ta daina bin gajeriyar hanya zuwa hawasha. Takan zagaya ta gabas, ko da rana ta take, ta rage tafiya daidai aduwar, ba ta tsayawa. A shekarar ce kuma tsutsa ta cinye audugar, muka wuni muna tsinkar abin da bai cika buhu ba.

A lokacin ne ta yawaita karanta labarin wani bawan Allah da ya rasa 'ya'ya da dukiya, ciwo ya ci jikinsa har ya koma zama cikin toka. Wata rana ta ba Habboba labarin da Hausarta mai karkata. Habboba ta tafa hannu ta ce wannan ai namu ne, tun tana yarinya ta san shi, mai haƙuri. Yumma ta ce a nata littafin ya yi haƙuri amma ya yi kuka ma, ya ɗaga murya ya tambayi Ubangiji dalili, kuma ba a kore shi ba. Suka yi ta musu a kan na wane ne, har tuwo ya kama. Ni dai na lura tun daga nan Habboba ta bar ce mata ta yi shiru in tana kuka.

Akwai wani labarin da ba ta taɓa gaya wa Habboba ba, ni kaɗai ta ba, muna yanka kuɓewar shanya. Wani ne cikin na kusa da Almasihu, wanda ya yi rantsuwa ba zai gudu ba, amma da aka kama Almasihun, mutane suka tambaye shi, ya ce bai san shi ba, har sau uku, kafin zakara ya yi cara. Ta ce duk littafin nan ne wurin da ke ba ta tsoro. Na tambaye ta dalili, ta ajiye wuƙar.

"Ya bitti, ɗiyata, ni ban da komai da zan kai masa. Ban je coci ba, ban koya wa ɗa ko ɗaya sunansa ba. Abu ɗaya gare ni, ban taɓa cewa ban san shi ba."

Sannan ta ce tana son ta kwanta kusa da yaranta, amma ta san ba za a bari ba, kuma ba za ta yi ƙarya don ta sami wurin kwanciya ba. Na san abin da take nufi. Shekara biyu kafin nan wani ɗan ƙwadago Kirista ya mutu a ƙauyenmu, aka rasa inda za a kai shi, aka binne shi shi kaɗai a ƙetaren tur'a. Da rani motar yasar ruwa ta zo ta jibge laka a wurin. Ko maƙwabcinmu da ya haƙa ramin bai iya nuna inda yake ba.

Ina shekara goma sha huɗu, ƙarshen damina, zazzaɓi ya kwantar da Yumma. Baba ya tafi yankan riɗi wajen Abu Hujar. Hanya ta zama taɓo, babu motar da za ta kai mutum asibiti a Sinnar. Kwana uku muna jiƙa tsumma muna shafa mata, ran na huɗu da la'asar numfashinta ya sauya. Matan unguwa suka cika ƙofar ɗaki. Ka san al'adarmu, in mutum ya zo gargara ana zama a kansa ana tuna masa kalmar shahada. Habboba ta zauna a kan Yumma, ta riƙe hannunta, tana maimaitawa da wannan muryar tata ta kurma, hawaye na bin fuskarta. Ban ga mugunta a abin da ta yi ba, har yau. Tudun lakar nan take gani, kamar yadda nake ganinsa.

Leɓɓan Yumma suka fara motsi. Habboba ta kai kunnenta, ta ɗago, ta fizgo ni.

"Sa kunnenki, ɗiyata, nawa ya mutu."

Na sa. Na ji komai sarai, babu kalmar da ta ɓace mini. Addu'arta ce ta ranar Lahadi, wadda na sha ji daga bayan darbejiya har na haddace. Ta kira Almasihu da sunansa, ta roƙe shi ya karɓe ta. Ta maimaita. Daga nan hannunta ya saki.

"Mi ta ce?" in ji Habboba. "Ta hwaɗi?"

Duk idon da ke ƙofar ya dawo kaina. Na ce, "Ta faɗa."

Habboba ta yi kabbara, matan suka ɗauka. Liman ya aiko daga zaure a tambaya wa ya ji, aka ce ɗiyarta ce, ya ce ɗiya ba ta yi wa uwarta ƙarya a irin wannan wuri. Aka wanke ta, aka sallace ta, kafin magariba an kwantar da ita ƙarƙashin aduwa, tsakanin yaranta.

Da a ce an zage ni a kan wannan magana, da na sami sauƙi. Yabo na sha. Labarin ya zagaya ƙauyuka, wai matar da ta ƙi shekara goma sha bakwai, Allah ya nufe ta da rahama a numfashin ƙarshe. Mata suka riƙa kirana a gidan suna da gidan makoki in sake faɗa, su shafa kaina su ce na yi wa uwata abin da ba kowace ɗiya ke samu ba. Ni kuwa in faɗa. Tun ina ƙirga sau nawa har na daina.

Baba ya dawo bayan kwana tara. Ya je maƙabarta, ya dawo ya shiga ɗakinta ya daɗe, sannan ya kira ni. Gafakar na hannunsa.

"Da kunnenki kinka ji?"

Na ce i. Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

"Shekara sha bakwai ban roƙe ta wanga abu ba," in ji shi, "don na san amsar da za ta ba ni." Ya miƙo mini gafakar. Bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa zama a inda ake ba da labarin ba.

Habboba ma ba ta sake tambayata ba. Amma ta rayu shekara shida bayan Yumma, kuma duk ranar Lahadi da hantsi ita ke yin kisra, ko da akwai mai yi. In akuya ta doshi darbejiyar sai ta tashi da muciya. Ban san ko sabo ne ba, ban san ko ta sani ba ne. Na sha buɗe baki in gaya mata, sai in tuna yadda ta yi kabbarar nan.

Yanzu duk sun tafi, ita da Baba da liman. Ƙauyen ma ya watse, wasu na nan Gadarif, wasu Kasala, wasu ba a san inda suke ba. Ranar da muka gudu ban ɗauko tukunya ba, gafakar na ɗauko. Tana ƙarƙashin teburin shayi, a kan wani ɗan katako, don ban yarda ta taɓa ƙasa ba. Nakan ce wa kaina yanzu ai babu wanda gaskiya za ta cuta, babu mai zuwa ya tone kabari a garin da ba kowa.

Lahadin da ta wuce na sami damar. Wata dattijuwa cikin masu fitowa daga coci ta zauna shan shayi, ta ga ina gyara gafakar, littafin ya leƙo. Ta gane shi. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta ga inda yatsan Yumma ya baƙanta gefen takardu. Na ce na mahaifiyata ne. Fuskarta ta washe, ta tambaye ni ko a kan bangaskiyarta ta rasu.

A kan bencin masu shan shayi akwai wani tsoho ɗan ƙauyenmu, wanda da ƙuruciyarsa yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Kafin in yi magana ya riga ni. Ya ce a'a, Allah ya yi mata gata ta musulunta a bakin mutuwa, ga ma wadda ta ji da kunnenta nan. Ya juyo gare ni yana murmushi, irin na mutumin da komai nasa ya ƙone sai wannan labari mai daɗi ɗaya da ya rage masa daga gida.

Na gyaɗa kai.

Dattijuwar ta rufe littafin a hankali, ta mayar mini, ta ce Allah ya ji ƙanta, ta tashi ba ta ƙarasa shayin ba. Wancan mutumin na cikin labarin Yumma sau uku ya yi, kuma da bakinsa ya yi wa kansa. Ni shekara arba'in ke nan ina yi, da sunan matar da ba ta taɓa yi ba. Na ba ta wurin kwanciya kusa da yaranta, na ƙwace mata abu ɗayan da ta ce tana da shi, kuma ban san wanda zan tambaya ko ana yafe irin wannan ba, malaminmu ko nasu. Na mayar da littafin cikin gafaka na ɗora a kan katakon. Tsohon ya miƙo kofinsa ya ce in ƙara masa sukari, na ƙara.