Wasiƙu Biyu da Na Sa wa Hannu

A shekarata ta biyu ta digiri na biyu a New York, ina taya wani farfesa dattijo koyar da sababbin ɗalibai. Aikin ne ke riƙe da karatuna, karatun kuma ke riƙe da bizata. Duk ƙarshen shekara sai ya rubuta a sabunta mini, in bai rubuta ba, shi ke nan.

A ajinsa rigimar ta tashi. Wani daga cikin ɗaliban ya nemi a daina ambatonsa da kalmar namiji ko ta mace, a yi amfani da wadda ba ta nuna jinsi. Farfesa ya ce zai kira kowa da sunansa, amma ba mai tilasta masa kalma. Ina jin haka ya faɗa. Ina can baya ina raba takardu.

Ranar Litinin ya kira ni ofis, ya nuna mini wasiƙar da wasu malamai suka rubuta don kare 'yancin magana. Ya ce ba dole ba ne, sannan ya miƙo mini biro. A gidanmu a Zariya ba a barin hannun babba a miƙe. Karɓa ake yi, in akwai magana a aika wani daga baya. Na karɓa, na sa hannu.

Ranar Laraba wata abokiyar karatuna, wadda ta ba ni rigar sanyi a hunturuna na farko, ta same ni a laburare da tata wasiƙar, mai neman a ja wa farfesan kunne. Ta ce ɗalibin ya daina zuwa aji. Gaskiya ne, na ga kujerar ba kowa. Na kasa kallon idonta in ce a'a. Na sa hannu.

Ban san me na zata ba. Wataƙila na ɗauka kowa zai ajiye tasa a aljihun tebur, an dai ga na mutunta shi. Ranar Juma'a jaridar ɗalibai ta sa duka biyun a intanet, da sunaye. Nawa ne kaɗai ya fito sau biyu.

Na nuna wa yayata, ma'aikaciyar jinya da nake zaune a wurinta a unguwar Concourse Village. Tana guga, ta karanta a wayata.

“To ke wanne ne naki?”

“Ina ganin kowa na da tasa gaskiyar.”

“Sannu, alƙaliya. Da sun kawo ta uku ma sai ki sa.”

“Yaya, aikin fa.”

“Je ki sami farfesan. Amma kar ki durƙusa masa, mutanen nan tsoro abin ke ba su.”

Na je. Bai yi faɗa ba, har shayi ya haɗa mini. Ya ce da ta biyun kaɗai na sa wa hannu, da ya fahimta. Ya ce badi zai ɗauki wanda in ya ce e, ya san e ɗin ce. Na ce na gode. Ban ji komai ba, sai zafin kofin a tafin hannuna.

Saura mako uku a rufe karɓar takardun sabuntawa. Na fito, na tsaya gaban allon sunayen malaman sashen, na fara kwafe lambobin ofisoshinsu daga sama, ko zan sami wanda zai ɗauke ni.