Shuni a Wuyan Malam Tokuji

Gwaggo Hatsue, yayar mahaifina, ta shekara arba'in da uku tana ɗinka abu guda: makarin maƙogwaro, ɗan leɓatun nan mai tauri da ke rataye a haɓar kwalkwalin 'yan kendo, wasan takobi na Japan. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Nan ne kaɗai aka yarda a soki mutum da tsinin takobin gora, in kuma tsinin ya goce, sai wuya.

A shagon surukinta ta koya, watanni kaɗan bayan aurenta. Auduga a kan auduga, fatar barewa, sai ƙyalle rinanne da shuni, a bi da basilla ɗinki kusa da ɗinki. Ba ta taɓa riƙe takobi ba. Mijinta, Malam Tokuji, shi ke koyarwa a zauren unguwa, kuma duk wanda ya shiga zauren nan da kwalkwali, aikin hannunta ne a ƙarƙashin haɓarsa.

Bara da kaka aka yi wa Malam tiyata a jijiyar wuya, yana da shekara saba'in da huɗu. Ni na raka su asibiti, wai tunda na yi jami'a sai in rubuta abin da likita zai faɗa. Na rubuta: kada komai ya bugi wurin, ko da wasa, in jijiyar ta fashe, da wuya a iso da shi da rai.

A mota Gwaggo ta ce, "To, Malam, ka dai ji."

"Na ji. Yaro ne likitan nan, bai taɓa riƙe takobi ba."

"Kai ma ba ka taɓa riƙe wuƙar tiyata ba, amma ka kwanta masa kamar rago."

"Sumire," ya ce da ni, "gaya wa gwaggonki surutu na sa ɗinki ciwo."

Na ci gaba da kallon titi.

Watan Janairu ake horon sanyi, kwana goma. Ranar ƙarshe malami kan tsaya a tsakiyar zaure, ya kawar da takobinsa gefe, ya buɗe wuya, manyan ɗalibai su zo ɗaya bayan ɗaya su soka da duk ƙarfinsu. Wanda ya sassauta hannu ya zagi malaminsa ke nan. Gwaggo ta sani, duk da haka ta je wurin Hidaka mai sayar da kifi, babban ɗalibinsa, wanda shi ma furfura ta cinye masa kai, ta roƙe shi ya sassauta hannu.

"Haba, Inna," in ji Hidaka, yana goge hannu a riga. "Shekara talatin yana karanta ƙafata. In na yi niyyar sassautawa, zai gane kafin in ɗaga ta. Kore ni zai yi, sannan ya sa wani ya maimaita."

Saura abu ɗaya da ta iya. Ta ce wa Malam igiyar kwalkwalinsa ta tsinke, ya bar mata shi kwana biyu. A bayan makarin ta ɗinka wata matashiya mai kauri, mai zagaye gefen wuya, irin wadda ake sa wa yara da sababbin shiga. Ta naɗe bakinta ciki yadda ba za a gani daga waje ba. Ina zaune ina zura mata zare.

Kwalkwalin ya tsufa, shuninsa ya koɗe ya koma ruwan toka. Ƙyallen da ta yanko kuwa sabo ne fil daga marina. Sabon ƙyalle sai an jiƙa shi an shanya a inuwa sau da yawa kafin ya daina zuba, ga shi babu lokaci. A aljihun teburinta akwai wani baƙin yadi na kanti. Na nuna mata da yatsa.

"Wannan? Na jakar makaranta ne. Ban taɓa ɗora wa wuyan mutum abin da bai shiga shuni ba, sai na fara da na mijina?"

Na ga kan yatsunta sun yi shuɗi sharr. Maganar ta zo mini har baki. Sai na ce a raina, wa zai koya wa Gwaggo halin shuni? Na ci gaba da zura mata zare.

Rana ta takwas ta horon, Malam ya sa kwalkwalin. Bayan horo kowa ya durƙusa a sahu, Malam a gaba yana fuskantarsu, aka kwance kwalkwali. Gumi ya yi aikinsa. Daga haɓarsa har kan tabon tiyatar, wuyan ya rine shuɗi, kamar an shafa da hannu. Mutum ashirin da wani abu suka sauke ido ƙasa a lokaci guda.

"A'a, Malam," Hidaka ya yi ƙoƙari, "sabon kwalkwali aka yi ba a gaya mana ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Malam ya taɓa wuyansa, ya dubi yatsunsa, ya juya kwalkwalin ya lalubi cikinsa.

A gida bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kwalkwalin a gabanta da ɗan almakashi.

"Ke kika ɗinka, ke za ki warware."

"Ba zan warware ba."

"In buɗe wa mutane wuya, ashe katifa suke suka?"

"Su soki katifar mana! Katifa ba ta da mata."

"To, ni zan cire."

Ya ɗauki almakashin, ya cusa bakinsa inda bai dace ba, a kan tsohon ɗinkin mahaifinsa. Gwaggo ta jure kamar numfashi uku. Sannan ta miƙa hannu.

"Kawo, tsoho, kafin ka yi ɓarna."

Ta warware da kanta, zare bayan zare, ba ta bar ko huda ba.

Ranar ƙarshe muna madafin zauren, muna dafa kunun jan wake da curin shinkafa da ake ba kowa bayan horo. Katako ɗaya ne tsakaninmu da su. Duk ihun suka, sai ludayin Gwaggo ya tsaya, har sai ta ji muryar Malam ya ce na gaba. Manyan ɗalibai goma sha ɗaya ne. A na bakwai muryar ta yi jinkiri. Na dubi ƙofa. Can sai muka ji tari, sannan, "Na gaba!"

Ya fito da ƙafafunsa, murya a dishe. Ya karɓi kwano, ya kasa haɗiye curin. Gwaggo ta karɓe ta yayyanka ƙanana, ba ta dube shi ba. Ya ce wa Hidaka sukarsa ta bana ba ta da rai, ranar Talata za su sake.

Har yanzu yana zuwa zaure Talata da Juma'a, ƙarfe huɗu zuwa shida. A awa biyun nan Gwaggo ba ta ɗinki. Tana zama a bakin ƙofa da takalmanta a ƙafa, katin asibitinsa a aljihu. Ni kuma nakan nemi izini in tashi da wuri daga aiki, in zo in zauna kusa da ita da makullin mota a hannu. Ba ta taɓa ce mini in zo ba, ba ta kuma taɓa tambayar abin da ya kawo ni ba.