Hannun da Inna Ta Ƙi Kamawa

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma a gidanmu na Ruma uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta dafa kafaɗarta. Kakata ce ta raine ni. Har na yi furfura Inna ba ta ce da ni komai sai "ke".

Da hawan jini ya kwantar da ita a asibiti a Batsari, ni kaɗai ce a kusa. Ƙannena sun watse tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, autarmu tana Safana, sauran suna Katsina. Nas ta ja ni gefe ta ce maganin yana sa jiri, kada in bar tsohuwa ta sauko daga gado ita kaɗai. Ga gadon da tsayi, ga siminti da santsi, Inna kuwa a tabarma ta saba kwana.

Na ce, "Inna, in za ki zagaya ki yi mini magana."

Ta juya ta kalli bango.

Kwana uku ina miƙa hannu, tana kama ƙarfen gado. Wallahi abin ya ci mini rai. Sauran marasa lafiya 'ya'yansu na tallafe da su ana hira, ni kuwa ina bin uwata a baya da buta.

Rana ta huɗu da la'asar ina wanke kwano a bakin ƙofa, taku biyar ne tsakaninmu. Alwala take so. Da ta kira ni da na ji. Ƙarar faɗuwarta na ji. Ƙashin ƙugu ya karye, kuma ko a ƙasan, da na sunkuya, ture hannuna ta yi.

Na yi mata tsawa, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. "Haba Inna! Kunyar me? Ni ma fa jikoki gare ni!"

Inna ta kalli nas, ta ce a hankali, "A aika Safana a kira ƙaramar."

Washegari autar ta iso a kan babur. Inna ta kira sunanta, ta rataya hannu a wuyanta aka gyara mata kwanciya. Ni aka bar wa wanki da dama koko. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba.

Inna ba ta sake takawa ba, bayan damina ta rasu. Na roƙi tsofaffin mata suka bar ni na shiga wankanta. Ni na tallafi kanta har aka gama.