Kunnen da Baba Ya Ƙera Mini

Wata safiyar Asabar ce, a daminar shekarar da nake aji uku na firamare, Baba ya kife turmi a tsakar gidanmu da ke Hunkuyi ya zaunar da ni a kai. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, kaji na ta tono a gindin rumbu. A hannunsa akwai wani gwangwanin madara da ya huhhuda, wayoyi ja da baƙi sun leƙo ta murfinsa. Ya rataya mini shi a wuya da igiyar tsohuwar kyamararsa, ya cusa mini iyafis a kunnen hagu, sannan ya murɗa wani ɗan maɓalli a hankali yana kallon fuskata. Da farko wani shuu na ji, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Can cikin shuu ɗin sai ga ɗis, ɗis, ɗis. Na waiwaya ina neman abin, ashe ruwa ne ke ɗiga daga indararo cikin bokiti. Rabona da jin ƙaramin sauti irin wannan fiye da shekara.

Mutanen gari Ɗanladi Mai Hoto suke ce wa Baba, amma hoto ɗaya ne kawai daga cikin sana'o'insa, kuma ba ya aiki ƙarƙashin kowa. Ranar kasuwar Makarfi yakan ɗaure kyamara da wani labule mai zanen gidan bene a bayan babur, ya kafa shi kusa da masu rake, samari su tsaya a gabansa suna gyara hula. In ana biki ko saukar Alƙur'ani a Kudan ko Ikara, shi ake kira ya ɗaura lasifika a kan bishiya ya naɗi muryoyi a kaset. Sauran ranaku kuwa yana zaure, cikin tarin rediyoyin da masu su suka fid da rai, ƙamshin dalma ya cika wurin. Yakan ce, "Rediyo ba ya mutuwa duka, ko yaya akwai abin da ya rage da rai a cikinsa." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Sanƙarau ne ya kwantar da ni a bazarar da nake aji biyu. Allah Ya tashe ni, amma kunnen dama ya tafi, na hagu kuma sai an yi ihu kusa da shi nake jin wani abu kamar daga ƙasan rijiya. Ina yin surfe ina jin tsalle-tsallen taɓarya a hannuna, ba na jin ƙararta. In na je ɗebo ruwa, sai dai in ga bakunan mata na motsi, su kwashe da dariya, ni ma in yi don kada a bar ni baya. A dandali na daina shiga gaɗa, domin kullum tafina na saɓa wa na sauran, na koma carafke ni kaɗai a bakin ƙofa. A makaranta kuwa abin da aka rubuta a allo kawai nake tsinta. Da sakamakon jarrabawa ya fito, Inna ta zauna da Baba, daga baya na gane shawara take ba shi a bar ni a gida in huta da wahala. A asibitin Zariya an ce akwai na'urar da za ta taimaka mini, amma sai an jira, ba a kuma san ranar zuwanta ba.

Baba bai iya jira ba. Ya shiga tara 'yan ƙananan abubuwa masu ƙafafu kamar ƙwari daga cikin matattun rediyoyi, yana liƙa su da dalma. Na farkon da ya gwada mini ƙara ya yi mai tsini, har na cire na jefar ina kuka. Ya rungume ni, ya daɗe bai sake ni ba. Na biyu bai yi ko tari ba. Daga ƙarshe ya gane makirufon ne ba shi da kyau, sai ya ɗauko wanda ya fi ji da shi, wanda yake naɗar karatun malamai da shi, ba ya barin kowa ya taɓa. Ina tsaye ya sa sukundireba ya warware shi, ya zaro zuciyarsa ya dasa a cikin gwangwanin madara.

To, a safiyar nan, ina cikin kallon indararo, Baba ya durƙusa a gabana ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Uwata, kina jina?"

Na ce, "Baba, muryarka ta yi kauri."

Inna da ke bakin murhu ta saki muciya, ta rufe fuska da gefen zane tana ta hamdala. Shi kuwa dariya ya yi, idanunsa jajur, ya kama hannuna muka nufi fadama. Ban san haka duniya take da surutu ba. Kwaɗi na ta kuka a kududdufi, kowane da irin muryarsa. Ganyen rake na goga juna kamar ana shara. Wani makiyayi ya wuce da shanu, na ji har numfashinsu da tsotson kofatonsu a cikin laka. Duk inda na tsaya, Baba ma sai ya tsaya, ya rufe ido ya saurara tare da ni, sannan ya gaya mini sunan tsuntsun da ya yi kukan.

Ranar Litinin na tafi makaranta da gwangwanina a ƙarƙashin hijabi. Yara suka sa mini suna Rediyo, amma kafin a tashi tara sun yi layi kowa na roƙon in ɗan sa masa a kunne. Na koma bencin gaba, na koma gaɗa. In batir ya yi sanyi, Baba ya shanya shi a rana. Haka muka yi ta lallaɓawa har na'urar asibiti ta iso ina aji biyar.

Yanzu ni malama ce, na'urar da ke kunnena ba ta fi ƙwayar wake ba, ɗalibaina da yawa ba su ma san da ita ba. Kowa ya zama mai hoto da wayarsa, kaset ya ɓace, Baba ya koma gyaran fitilun sola da tabarau a kan hanci, jikokinsa na kewaye da shi suna miƙa masa abin da bai ce a miƙo ba. Wani lokaci ina tafe a hanya nakan tsaya cak saboda kukan wata kurciya, mutane su ratse ni su wuce, in ji ina ma da wanda zai tsaya tare da ni. Har yau ji bai zame mini abin da aka saba ba.